Yayana da Ya Hana Ni Hanyar Sari

Ranar da aka binne Yaya, mutane sun cika ƙofar gidansa a Gwandu har sai da aka aro tabarmi daga masallacin unguwa. Ni aka zaunar a gaba, don ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan Inna maza. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya kama hannuna ya ce, "Auta, ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi, an yi rashin mutumin kirki." Ina cewa amin. Har la'asar ina cewa amin, bakina ya bushe, idona kuwa ko ɗigo.

Masu gyaran keke sun zo daga Maruda da Dalijan, suka jingina kekunansu a bango. Wani tsoho daga Maruda, wanda ya fi shekara talatin yana sayen kaya a hannun Yaya, ya zauna kusa da ni ya yi addu'a ya shafa. Sai ya sunkuyo ya raɗa mini, "Allah shi gafarta mai. Amma wallahi, Auta, ko sau guda bai taɓa ce min in zauna ba." Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina.

Bayan azahar guragu suka iso a kan kekunansu na hannu, su wajen bakwai, a jere. Babbansu ya fashe da kuka tun daga bakin layi, kuka na gaske, har liman ya tashi ya je yana ba shi baki. Yana ta faɗin, "Wa za ya gyara muna yanzu?" Kowa a garin ya san duk safiyar Juma'a Yaya yana gyara musu kyauta. Na kuma san yadda yake yi, yana gyarawa yana zagi: sun bar sarƙa ta bushe, sun bi ta cikin ƙaya da gangan, ba su da hankali. Su dai dariya suke yi. Su kaɗai na taɓa gani suna dariya a rumfarsa.

Babban ɗansa ne ya roƙe ni in rubuta wani abu, don jikoki su san ko wane ne kakansu. Na ce masa, "Ka tabbata ni kake so in rubuta?" Ya ce, "Baffa, ai ba wanda ya san shi kamarka." To, shi ya jawo.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha shida. Baba ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe gida, kuma bai bari na manta da haka ba ko na yini ɗaya. Da gyaran keke ya fara a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da kasuwa, daga baya ya koma sarin kaya. Ya zama duk mai gyaran keke a ƙauyukan nan, in yana son taya ko tif ko sarƙa ko birki, dole ya zo Gwandu ya tsaya a gabansa. Benci ɗaya ne a rumfar, shi ke kai.

Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba, ya san kaya. In ya ɗauki tif sai ya ja shi ya shinshina, ya gaya maka ko zai kai damina. Ƙwayoyin boris, ƙananan ƙarafan nan masu sa ƙafar keke juyawa, sai ya zuba su a faranti ya karkata, yana sauraron yadda suke gangarawa. Bai taɓa sayar wa kowa jabu ba. Amma in ka taya ƙasa da abin da ya faɗa, ba ya ma amsa maka. Sai ya kalli titi ya ce, "In ba ka saye, matsa, kana tare min iska." Yara a unguwarmu har kwaikwayonsa suke yi da wannan maganar.

Duk wata yakan tafi Kano. In kaya suka iso, shi kaɗai ke shiga ɗakin ajiya ya turo ƙofa, ya yage duk takardar da ke jikin kwali, ya fito da ita ya ƙone a murhun matarsa. Kowa ya san akwai layin masu kayan keke a Kano, wannan ba asiri ba ne. Asirin shi ne wane shago. Kaya iri biyu ne ke zuwa cikin leda iri ɗaya, na ƙwarai da na banza, kuma baƙon fuska na banzan ake miƙa masa da farashin na ƙwarai. Yaya yana da dilansa guda, wanda ke ba shi na gaske a farashin sari. Ko 'ya'yansa ba su san sunan mutumin ba.

Ni a wurinsa na koyi gyara ina saurayi, amma na gudu na shiga aikin lebura a kamfanin hanya don na gaji da tsawa. Da aikin ya ƙare na haura arba'in, ga mata ga 'ya'ya biyar. Na koma Kalgo, garin su matata, na kafa rumfa a hanyar da ma'aikatan jami'a da manoma ke bi. Aiki yana zuwa. Matsalar kaya ce. In na sayo wurin Yaya na haɗa da kuɗin mota, abin da ke raguwa bai kai cefane ba, don yadda yake sayar wa bare haka yake sayar mini.

Wata Asabar na same shi bayan ya ci abinci, lokacin da na san ya fi sauƙin kai. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina son in ka tashi tahiya Kano ka tahi da ni, ka haɗa ni da mutuminka. Ba Gwandu zan kawo ba, Kalgo kawai."

Ya ci gaba da sakace. Can ya ce, "Ni wa ya haɗa ni?"

Na ce, "Ai kai ne babba."

Ya ce, "Shekara bakwai ina cin duka a kasuwar nan kahin in gane shi. Kai kana can kana zuba kwalta. Yanzu ka zo da farar riga a miƙa ma? Tashi, Auta."

Na tashi. Amma na riga na sayar da shanun nomana biyu don jari, kuma zuciya ta ci ni. Na san ranar tafiyarsa. Na riga shi zuwa tasha na laɓe, da motarsu ta tashi na shiga mai bi mata. Washegari da safe na tsaya a bakin kasuwar Kano kusa da layin 'yan keke, na ja hula har gira. Ga shi nan tafe, da jakar fatarsa a hammata. Na bi shi daga nesa.

Bai shiga layin ba. Ya wuce wurin masu yadi, ya sa aka sauko masa da shadda kala-kala, ya taya, ya tafi bai saya ba. Ya shiga wurin masu tukwane. Ya zauna aka yi masa aski. Ya yi azahar, ya ci shinkafa da wake a hankali kamar mai ciwon haƙori, ni ina bayan wata rumfar bokitai cikina na kuka. Daga nan ya tsaya wurin mai maganin gargajiya ya saurari bayanin maganin basir daga farko har ƙarshe. Ƙafafuna suka kumbura. Bayan la'asar na ga ya nufi tasha, hannu wofi. A bakin mota ya juyo, ya ɗaga murya.

"Auta! Zo nan."

Na fito kamar ɓarawon akuya.

"Tun Gusau na gan ka, kana ɓoyo bayan mai shayi. Ka ga Kano? To, mu tahi gida."

Mutum mai shekara sittin da wani abu, ya yi wannan doguwar tafiya, ya kwana a garin mutane, ya koma ba ko ƙusa, ya bar masu gyara na jiransa mako biyu babu kaya, duk don kada ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya ga ƙofar shago. Duk lokacin da wani ya ce mini mutumin kirki, wannan yinin nake tunawa.

Na ƙi binsa. Na kwana, da safe na shiga layin ni kaɗai. Wani mai shago ya tare ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya aika aka kawo mini lemo mai sanyi, yana ta kirana Alhaji. Na ce a raina, ashe haka ake ciniki a duniya. Na zuba kuɗin shanuna gaba ɗaya, na ɗauko kwalaye shida.

Ba a yi wata guda ba kayan suka fara nuna halinsu. Tif in rana ta yi zafi sai ya tsage ta wurin haɗi, tsagewar da faci ba ya kamawa. Boris yana niƙewa kamar gyaɗa. Ana dawo mini da kekuna ina sake gyarawa kyauta, ina ba da haƙuri. Sannan wani manomi da na sa wa sabuwar sarƙa ya ɗauko buhun shinkafa daga fadama, yana hawan gangaren bakin titi sarƙar ta tsinke, ya faɗi buhun ya bi ta kansa. Ya karye a hannu. Bayan kwana biyu ya zo da hannun a ɗaure da karan ɗori. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye sarƙar a kan bencina ya ce, "Ga abinka," ya juya. Lokacin yankan shinkafa ne, kuma shi kaɗai ne namiji a gidansa. Na rufe rumfa na je na yi masa yanka kwana huɗu da hannuna. Sauran kwalayen na haƙa rami a bayan gida na binne su, don kada shaiɗan ya sa in sayar wa wani.

Labari ya kai Gwandu kafin ni. Na je gaida Inna, lokacin tana da rai, idonta ya tafi amma kunnenta garau. Ina zaune a ɗakinta Yaya ya ɗaga labule, ya gaishe ta, ya ce kamar da bango yake magana, "Na ji an fara karya mutane a Kalgo."

Inna ta ce, "Kai Babba, ka ji tsoron Allah. Ɗan'uwanka ne. Mi za ya rage ka in ka nuna mai?"

Ya ce, "Inna, ɗaki guda munka hito, ba rumfa guda ba."

Na miƙe na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce da ya nuna mini shagon da hannun mutumin nan bai karye ba, alhakin a wuyansa yake. Ya ce, "Ni na sa mai sarƙar?" Wannan ta fi komai ƙona ni, don gaskiya ya faɗa. Inna ta yi ta kuka tana lalube da hannu tana neman wanda za ta kama a cikinmu. Ta rasu bayan shekara guda ba ta ga mun ci abinci a kwano ɗaya ba. Wannan kam laifinmu ne mu biyu.

Mafita ta zo mini daga inda ban zata ba. Akwai wani malamin makaranta Kirista, mutumin Zuru, da ke kawo mini tsohon kekensa duk Asabar in duba masa kafin ya tafi coci ranar Lahadi. Ya ga rumfata ta zama wayam ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce surukinsa yana harkar kayan keke a Onitsha. Ya kira shi a waya a gabana. Ya kuma ba ni shawarar da ta cece ni: kada in sake sayen kwali sai na ga samfuri. Aka aiko mini da tif biyu da sarƙa biyu da ƙullin boris ta motar haya. Na ja, na shinshina, na zuba a faranti na karkata, yadda na ga Yaya yana yi tun ina saurayi. Na sa su a kekena na yi mako uku ina dakon ruwa da shi. Suka riƙe.

Sai dai dilan ba ya aiko da kaɗan, ni kuma ba ni da jari. Don haka na bi ƙauyuka, Maruda, Dalijan da sauransu, na zauna da masu gyara ɗaya bayan ɗaya. Na ce kowa ya kawo abin da zai iya mu haɗa, a turo hoton kaya ta waya mu zaɓa tare, in sun iso mu raba a farashin sari. Ban sha wahalar shawo kansu ba. Shekara da shekaru suna tsaye a rana a gaban benci ɗaya. Ba zan ce don Allah kaɗai na yi ba. Na san sarai abokan cinikin wa nake kwashewa, kuma duk wanda ya ce ya shiga, daɗi nake ji har cikin raina.

Ranar da kaya na uku suka iso, muna cikin rabo sai ga Yaya ya sauko daga mota a Kalgo, karo na farko tun da na kafa rumfa. Wasu masu gyara suka shiga ɓoye ledoji a bayansu. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya ɗauki tif ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ɗauki sarƙa ya lanƙwasa ta gefe, ya nemi guduma ya doka. Ya ce a ba shi faranti. Ya fi rabin sa'a yana neman aibi. Matata ta aiko da ruwa a kofi, na miƙa masa, na ce, "Yaya, ga benci." Ya ajiye sarƙar a hankali. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya san iyayensu, sannan ya dube ni ya ce, "Ka iya sata." Ya tsallaka titi ya tsaya jiran mota a rana, ruwan na hannuna.

Daga ranar bai sake amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Ya bi gari yana cewa kayan kudu ba su jure zafin ƙasarmu. Ya hana 'ya'yansa zuwa gidana da Sallah.

Abu ɗaya ya yi da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Ɗiyata ta biyu ta samu makarantar sakandare mai nisa da gida. Ana saura kwana biyu a koma, direban wata motar Gwandu ya sauke keke a ƙofar gidana, ƙaramin keken mata, an haɗa shi da kaya mafi kyau da na taɓa gani, har da kwando da ƙararrawa. Direban ya ce, "Alhaji ya ce a ba yarinya. Ya ce kuma in gaya ma, kak ka kuskura ka taɓa shi da sifana." Ta hau shi shekara shida. Sau biyu kawai ya yi faci, kuma duka biyun a ɓoye na yi.

Da man fetur ya yi tsada, mutane suka jingine babura suka zaro tsofaffin kekuna daga rumbu da bayan ɗaki. Ban taɓa ganin aiki irin na lokacin ba. Na ɗauka Yaya ma yana samu, don duk wata ana ganinsa a tasha da jakar fatarsa, kuma ana ganin ana sauke masa kwalaye. Ko da ciwon ƙafa ya kama shi, da sanda yake zuwa.

Da ya kwanta na je duba shi. Ya rame har na tsorata. Na zauna a bakin gado na ce, "Yaya, sannu. Mu yafi juna." Ya ce, "Wa ka bar ma rumfa?" Na ce na rufe. Ya ce, "Tahi ka buɗe. Ba a rufe rumfa ranar kasuwa." Ya juya fuska bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse, matarsa ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta ciro mabuɗi daga bakin zanenta ta ajiye a ƙasa tsakaninmu.

Ta ce, "Na ɗakin ajiya ne. Ya ce ko bayan ransa kada a bari ka shiga. Shekara arba'in da biyar ina bin maganarsa, Auta. Wagga ba ni iyawa. Yaran ba su san kan kayan ba, kai ka sani."

Muka je da babban ɗansa. Da na tura ƙofar, warin roba ya buge ni. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, an bar 'yar hanya ta mutum ɗaya a tsakiya. Na buɗe na ƙasa. Tif ɗin sun narke sun manne da juna, in ka ja ɗaya sai ya biyo da goma. Tayoyi sun bushe sun tsattsage. Inda rufi ke yoyo, sarƙoƙi sun yi tsatsa sun zama dunƙule guda. Duk kaya ne na ƙwarai, irin wanda na yi ta mafarkin samu. Shekarun nan duka yana zuwa Kano yana sarowa yana tarawa, ba mai saye sai ɗaiɗaiku, don kawai a gan shi a tasha ana sauke masa kaya.

Ɗansa ya zauna a kan kwali ya riƙe kai. Ya ce, "Baffa, gonar fadama da ya sayar bara, ashe nan ta shigo."

Na yi shekaru ina jiran ranar da zan ga na kayar da shi. Ga ta na gani, na tsaya a tsakiyarta. Da ya aiko mini da kalma ɗaya, da na kwashe kayan nan cikin wata biyu tun suna da rai, da gonar tana nan, da marayunsa suna da abin ci. Ya gwammace su ruɓe. Na ji haushinsa a ɗakin nan fiye da duk wanda na taɓa ji yana raye.

Na ce wa ɗansa ya turo ƙofa. Muka yini muna tsincewa. Na saman, na watannin baya, suna da kyau, na ce zan raba wa masu gyara a kawo wa gidan abin da aka samu. Ruɓaɓɓun muka ɗura a buhuna muka ɗinke baki, yadda ba mai ganin abin da ke ciki. Da la'asar na kira mota.

Muna lodi wani maƙwabcinsa mai sayar da albasa ya matso, yana kallon buhunan da kwalayen. Ya ce, "Kai! Duk wanga kaya na Alhaji ne? Ana ta cewa kasuwa ta bar shi."

Ɗansa ya dube ni.

Na ce, "Wa ya hwaɗa ma? Wanga na wata guda ne kawai. Yaya har ya koma ga Allah kasuwar keke tana hannunai."

Mutumin ya girgiza kai ya ce ai shi dama ya sani, ya tafi ya ba da labari a majalisa.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san shi fiye da ni, ka kuma san abin da ke raina game da shi, wanda har yanzu bai gama fita ba. Kada ka kama shi da nawa. Ka yalwata masa kabari, ka yi masa sauƙin da bai iya yi wa kansa ba.